Baba Ya Ce

Zalika ta ɗauki wayar yayanta Walid, ta buɗe.

Shekara huɗu ke nan mahaifinsu ya bar garinsu Tama zuwa Aljeriya neman aiki. Waya ɗaya ce a gidan, kuma a aljihun Walid take. Ta bakinsa ake jin komai. Baba ya ce a shuka gero. Baba ya ce yana gaida Inna. Da Hafizu, mai lambun albasa, ya aiko neman aurenta, Walid ya ce, “Baba ya ce a'a.”

Ta duba. Saƙon Baba na ƙarshe ya shekara biyu. A ƙarƙashinsa na Walid ne a jere, babu amsa ko ɗaya.

Ta iske shi a gona.

“Yaya, yaushe Baba ya hana ni Hafizu?”

Ya ga wayar a hannunta. Ya ajiye hauya.

“Miƙo nan!”

“Maƙaryaci! Shekara biyu kana juya mu da bakin mutumin da ko yana da rai ba ka sani ba!”

“Rage murya...”

“Ba zan rage ba!”

“To je ki gaya wa Inna,” ya ce. “Ranar da na ce Baba ya gaishe ta, ranar kaɗai take cin tuwo. Je ki gaya mata.”

Ta sassauta murya.

“Hafizu fa? Me ya yi maka?”

Ya kau da kai. Shekarunsa goma sha tara, amma ya yi kuka kamar yaro.

“Idan kin tafi, ni kaɗai zan riƙa kallon idon Inna. Ba zan iya ba, Zalika.”

Da la'asar ta je lambu. Hafizu yana ban ruwa. Ta gaya masa duka.

Fuskarsa ta washe.

“Alhamdulillahi! Ashe babu wanda ya ƙi ni! Gobe ki faɗa wa Baffanku gaskiya, shi zai ba da ke.”

“Idan Baffa ya ji, Inna ta ji.”

“Sai yaushe ke nan, masoyiyata? Iyayena sun gaji da jira. Sun ce bayan girbi ko ke, ko wata.”

Hawaye suka zubo mata.

“Wallahi ina sonka, Hafizu...”

“To kalma ɗaya ce! Ki faɗa, don Allah!”

Ta goge fuska da bakin gyale.

“Ba zan faɗa ba.”