Man Shokozobar Malam Mika'ilu

Da hantsin wata Laraba, a daminar shekarar da soja suka koma bariki, aka tarar da Malam Mika'ilu kwance a gangaren Goron Dutse, kansa a jikin bakin kwata. Babur ɗinsa roba-roba yana gefe, tayar gaba ta fice ta yi nata wuri. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Malam Mika'ilu kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ya koyar da rabin samarin Koki a firamare, ga shi sabon kansila, ko kujerar bai gama ɗumamawa ba. To, kun san mutanen birni. Kafin Sajan Isyaku ya iso daga caji ofis, an gama shari'a a bakin titi. Kowa ya san jiya Malam ya kai babur wurin Modu bakanike a canja man shokozobar gaba, kuma ba a yin wannan aikin sai an cire taya. Ke nan Modu bai ɗaure ba. Samari suka je gindin darbejiyar da yake aiki, suka jawo shi. Da ƙyar Sajan ya ƙwace shi, hanci na jini.

Di-Pi-O ya ce a rubuta kisa ta hanyar sakaci, a miƙa kotu kafin Juma'a. Manyan jam'iyya suna ta aike, gwamnati sabuwa, kowa yana so a ga yana aiki.

Sajan Isyaku kuwa mutum ne da albashi bai taɓa isarsa zuwa gareji ba, da hannunsa yake gyaran nasa babur. Ya koma gangaren, ya naɗe ƙafar wando, ya bi kwata yana tono da kara har ya samo notin da ke riƙe ƙarfen taya. Ya goge shi. Gefunansa duk sun ciccije, irin cizon haƙoran filaya. Ya jefa shi a aljihu.

Ya fara da Modu, a bayan kanta.

"Ka canja man?"

"Na canja, Yallaɓai."

"Ka ɗaure tayar?"

"Wallahi na ɗaure. Tun ina ɗan yaro nake wannan sana'ar."

"Da me kake ɗaure noti?"

Modu ya dube shi kamar an zage shi. "Da sufana mana. Ni mai faci ne?"

"Wa ke wurin lokacin da kake aikin?"

"Ba kowa. Malam ya ajiye ya tafi sakatariya, sai la'asar ya dawo ya ɗauka."

"Jibrin na gidan Malam yana ta faɗa wa mutane yana wurin."

Modu ya buɗe baki, ya rufe. Ya sunkuyar da kai. Wannan shirun ya tsaya wa Sajan a rai.

Jibrin ɗan baffan marigayi ne, a ɗakin da ke cikin soron gidan yake kwana. Shi ne mai manna fasta, shi ne mai tara samari ranar taro. Sajan ya same shi a wurin zaman makoki, ido jajur, ana ta miƙa masa hannu. Suka keɓe.

"Faɗa mini abin da ka gani."

"Yaya ya aike ni in duba ko an gama. Na zauna a benci. Da idona na ga ya cire taya, ya zare ƙafafun shokozoba, ya juye tsohon mai a gwangwani, ya zuba sabo. Ana kiran la'asar ya mayar da taya a gaggauce. Har na ce masa, Modu, ka ɗaure kuwa? Ya ce in koya wa wani."

"Za ka faɗi haka a kotu?"

"Ko da Alƙur'ani a hannuna."

Shaida ce mai kyau, ba ta da ko gargada. Sajan ya rubuta, ya yi masa gaisuwa, ya nemi iso wurin Hajo, matar marigayi. Ta bayan labule ta amsa, murya a dashe. Babur a soro yake kwana. Malam da kansa yake saka sakata bayan isha, shi yake zarewa da asuba. Ranar ma haka aka yi, kuma ba a taɓa ƙofar ba.

"Yana da abokin gaba?"

"Sai Alhaji Mailafiya, da suka yi takara. Ya ce sai ya ga bayansa."

Alhaji Mailafiya yana rumfarsa ta yadi, ciki a gaba, carbi a hannu. Bai ko tashi ba.

"Na faɗa, Sajan, a kan mumbari na faɗa, kowa ya ji. Haka ake siyasa, ku ne ba ku saba ba. Amma me zan ci da mutuwarsa? Wanda ya kayar da ni da ransa, gawarsa ta fi shi farin jini. In an zo zaɓen cike gurbi, duk wanda suka tsayar daga gidan nan, ko akuya ce, sai ta kayar da ni. Ka ji ma wa dattawansu suka fara ambata?"

"Wa?"

"Yaron nan mai fasta. Wai a share wa gidan hawaye."

Sajan ya cire Alhaji daga lissafi. Yaransa ba aljanu ba ne da za su ratsa sakata.

Da ya koma, ya tarar da Dije, mahaifiyar Modu, zaune a bakin ƙofar caji ofis da kwanon tuwo a cinya. Tun da aka kawo shi take nan, an hana ta shiga. Ba ta roƙe shi komai ba, sai dai ta bi shi da ido. Allah sarki, tsohuwa. Modu kaɗai gare ta.

Ya wuce bayan ofis inda aka jingine babur, ya tsuguna. Ƙafafun shokozoba biyu suna ƙyalli, an goge su tas. Amma da ya leƙa sama, ƙarƙashin robar gaba, inda kusoshin da ke matse su suke, sai ya ga laka ta bushe a kansu, tsatsa ta haɗe kusa da mazauninta. Ya kankara da farce. Wannan lakar ta girmi daminar bana.

Ya sa aka fito da Modu, aka kira Di-Pi-O, aka aika wa Jibrin ya zo ya sa hannu a shaidarsa. Ya miƙa wa Modu sufana.

"Kwance mana."

"Yallaɓai…"

"Kwance."

Kusar farko sai da Modu ya sa ƙafa ta yi ƙara ta motsa. Ya zare ƙafar shokozoba, ya buɗe murfinta, ya fito da sifirin. Sajan ya tara gwangwanin madara. Abin da ya zubo baƙi ne wuluk, mai kauri, ga gari-garin ƙarfe a ciki, ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Di-Pi-O ya toshe hanci. Ƙafa ta biyu ma haka, nata ma ko rabi bai kai ba.

"Modu, wannan ne man jiya?"

Modu ya zauna daɓas a ƙasa. Da ƙyar maganar ta fito. Ranar babura sun yi masa yawa. Malam kuwa ba ya duba aiki, ya yarda da shi. Sai ya jiƙa tsumma da fetur, ya goge ƙafafun, ya danna gaban babur a gaban Malam ya ce, ka ji yadda ya yi laushi? Malam ya ce ƙwarai kuwa, Allah ya yi albarka.

"Ka taɓa tayar?"

"Ko da ɗan yatsa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In ce na cuci malamina? Shi ya koya mini rubuta sunana. Wa zai sake kawo mini babur?"

Sajan ya juya. Jibrin yana tsaye jikin bango, ya daina goge ido.

"Malam Jibrin, a wane gwangwani ka ga ya juye tsohon man? Ga shi nan, yanzu ya fito."

"Wataƙila… wani babur ɗin na gani."

"Ka ce ka tambaye shi ko ya ɗaure."

Jibrin ya kau da kai.

Sajan ya fito da notin, ya ɗora a tafin hannunsa, ya dubi Di-Pi-O. "Yallaɓai, ga yadda abin yake. Unguwa duka ta ji Malam zai canja mai, kuma kowa ya san sai an cire taya. Wanda ya sassauta notin nan ya dogara da haka, ya san laifin kan Modu zai faɗa. Ba bakanike ba ne, don da filaya ya murɗa, ga cizonta. Ba daga waje ya zo ba, don sakata ba ta motsa ba. Mutum ɗaya ne ke kwana tare da babur a soro. Da ya yi shiru, da sai in yi ta zarginsa ba hujja. Amma ya so ya ƙara wa ƙullin ƙarfi, ya rantse ya ga aikin da ba a yi ba. Abin da bai lissafa ba shi ne Modu zai yi ha'inci."

Aka je ɗakin Jibrin, aka samo filayar da yake ɗaure allunan jam'iyya da ita a jikin falwaya. Haƙoranta suka zauna daram a cizon notin. A nan ya fashe.

"Ni na sha kulki lokacin soja! Ni na kwana a bayan kantar nan, kun sani! Yaya yana aji yana riƙe da alli. Da abu ya nuna, dattawa suka ce ai Malam ne mai mutunci, kai ka jira. In jira me? Wallahi ba kisa na nufa ba. Cewa na yi ya karye, ya kwanta, a ce in riƙe masa kujerar."

"Modu fa?"

Jibrin ya ɗaga kafaɗa. Bai ma waiwayi inda Modu yake ba.

Da yamma aka saki Modu. A bakin ƙofa ya kama hannun Sajan, ya yi ƙasa da murya.

"Yallaɓai, maganar man nan… dole ne a faɗa a kotu?"

"Ita ce ta fitar da kai. Da ka yi aikin gaskiya, da yanzu kana hanyar kurkuku." Sajan ya ji ɗacin maganar a bakinsa, amma haka take.

Aka kuwa faɗa, aka ɗaga gwangwanin kowa ya gani. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci wa Sajan rai. Na Jibrin, mutane suka ce sharrin siyasa ne, Allah ya kiyaye, har dattawa suka yi ta zarya wurin Hajo a kan ta yafe, wai ɗan gida ne. Na Modu kuwa ba wanda ya yi zarya. Duk mai babur a unguwa sai ya tuna wani gyara da aka yi masa, ya shiga tantama. Modu ya yi ta fitowa kullum, ya jera sufanunsa a kan buhu, ya zauna. Babura suna wucewa ta gabansa, wasu ana tura su, zuwa garejin gaba.

Wata safiya Sajan Isyaku ya turo nasa, ya ce a canja masa man shokozoba. Modu ya miƙe da sauri, ya jawo masa benci nan kusa da taya.

"Zauna nan, Yallaɓai, inda za ka riƙa gani."

Sajan ya so ya ce ba sai ya gani ba, zai je ya dawo. Maganar ta zo har bakinsa. Sai ya dubi babur ɗin, ya tuna gangaren da zai bi zuwa gida. Ya tattara rigarsa, ya zauna.