Yashin Bakin Rijiya

Tana wanke-wanke aka zo mata da labarin. Aka ce Auta, ƙaninta da ta goya bayan rasuwar iyayensu, ya faɗa tsohuwar rijiya a gidan da yake gyaran ƙasa don shimfiɗa bulon intalok. Kafin a fito da shi rai ya yi halinsa.

A wurin zaman makoki ta ji ana cewa ganganci ne, yana ja da baya bai duba ba. Maganar ta tsaya mata a rai. Auta da ko ƙofa ya rufe sai ya koma ya taɓa?

Bayan an watse ta je karɓo kayan aikinsa. Ta tarar da wani saje na 'yan sanda tsaye a bayan gidan, shi ma fuskarsa ba ta nuna ya gamsu ba. Ya ce mata mutum uku ne suka shiga gidan ranar: mai gadi, direban tifa, da Duna, abokin aikin mamacin.

Ita dai ƙasa take kallo. Ta tuna yadda Auta ya yi mata tsakar gidanta: ya kankare, ya zuba tsakuwa, ya yayyafa ruwa ya daɓe, sannan ya kwantar da bututun ƙarfe biyu cikin yashi ya ja katako a kansu don yashin ya daidaita. Ranar har ita ya kora don ta taka masa yashi. A gaban gidan nan ga sawun bututu nan a miƙe. A bakin rijiya kuwa yashin sumul, ba sawun bututu, ba na ƙafa.

"Saje, wanda ya faɗa rijiya ai da ƙafa ya iso bakinta," in ji ta. "Ina sawunsa?"

Saje ya ce masu ceto ta kan katanga suka zura igiya, shi ma rashin sawun ne ya hana shi barin wurin. Ya sa aka tara mutanen.

Mai gadi tsoho ne. Aka miƙa masa katako ya gwada, ya riƙe shi kamar tsintsiya. Ya ce shi yana bakin ƙofa da rediyonsa, amma ya ga tifar tsakuwa ta shigo ta fita da rabin kayanta. Direba ya yi ta kame-kame, da ya ji zancen kisa ne sai ya ce Duna ya sa shi ya juye sauran a wani gida, kuma tun da hantsi ya bar unguwar. Aka bincika, haka ne.

Duna ya zo yana share ido.

"Yaya, wallahi ni ban ko leƙa baya ba. Auta ne ya gyara nan."

"Da me ya gyara?"

"Da katako mana, Yaya."

"Bututunsa fa? Ga su can jingine a gaba. Kai ne yake yi wa tsiya kullum, wai idonka ne ma'auninka."

Ta ɗora ƙafa kan yashin, ta nutse har idon sawu. Ba daɓe. Saje ya karɓi shebur ya tona. Babu tsakuwa ko ɗaya, sai jar ƙasa, sai wani wuri da jini ya yi baƙi ya dunƙule. Aka ɗauko madaɓi, aka ga shi kaɗai aka wanke cikin kayan.

Duna ya zauna daɓas. Ya ce Auta ya tona ɓangaren da shi Duna ya gyara ya ga ba tsakuwa, ya rantse ba zai ɗora bulo a kan ƙarya ba, zai gaya wa mai gida. Gardama ta yi zafi, madaɓi na hannunsa, ya buga wa Auta. Da ya jefa shi rijiya sai ya zuba yashi ya share wurin, ya manta aikin kowa yana kama da mai shi.

Ba ta zage shi ba. Ta dai roƙi saje ya je unguwarsu ya faɗa da bakinsa cewa ba ganganci ba ne. Ya je, ya faɗa a gaban kowa.

Har yau idan ta yi shara da safe, ba ta kwashe yashin da tsintsiya ta tono. Durƙusawa take ta mayar da shi da yatsa cikin tsagogin bulon da Auta ya shimfiɗa mata.