Saurayin Wa?

"Karanta da idonki, kada ki ce sharri na yi masa!"

Naja'atu ta cilla mata wayar a cinya. Lubna ta ɗauka. Hoton wata takarda ne, an zana fuskar Zayyad, mai neman aurenta, da fensir, har ɗan tabon girarsa ba a manta ba. A ƙasa an rubuta: "Saurayina na Makarfi."

Karin ce ta zana, Baturiyar nan 'yar Danmak da ta zo da abokan zanenta biyu, suna yawo ƙasa-ƙasa suna zana fuskokin mutane. Da yake Zayyad ma zanen ya karanta a Zariya, shi ke yi musu jagora. Sati uku ke nan, yau Ikara gobe Kudan.

"Saurayinta..." Lubna ta faɗa.

"Ni dai na fita haƙƙinki, 'yar uwa. Dama Baba ba ya son mai zanen mutane. Gobe in ya nemi amsarki kan maganar auren ki ce kin fasa, ki huta."

Naja'atu 'yar baffanta ce, kuma kowa ya san wanda take yi wa kwalliya in Zayyad ya zo zance. Amma kishi bai bar Lubna ta tuna wannan ba. Shekara biyu yana nemanta, kunya ba ta taɓa barinta ta ce tana sonsa ba, sai ga baƙuwa ta rubuta a sati uku!

Ta fizgi mayafi ta fita.

A wurin masu mazarƙwaila ta sami Zayyad da Karin zaune suna fuskantar juna, kowa na zana ɗan uwansa, suna ta dariya. Ji ta yi kamar ta kifar da tukunyar ruwan raken nan a kansu.

"Lubna? Hasken idona, lafiya?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta miƙa wa Baturiyar hannu.

"Ba ni littafinki."

"Ke ce Lubna! Sannu da zuwa!" Karin ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, ta miƙo da murna.

Lubna ta buɗe. Ga wani mai sayar da rake: "Saurayina na Kudan." Ga mai gyaran babur: "Saurayina na Ikara." Samari har shida. A shafi na gaba kuma Malam Bobbo mai shanu ne da furfurarsa, an rubuta: "Tsohona."

"Duk... duk naki ne?"

"Eh! Littafin koyon Hausa ya ce namiji matashi, saurayi. Ni na zana, sai na sa 'na'. Ba daidai ba?"

Masu mazarƙwaila suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Ashe Malam Bobbo ya haifi Baturiya ba mu sani ba!"

Lubna ba ta yi dariya ba. Ta juyo kan Zayyad, idonta ya ciko.

"Ka ga wannan rubutun ka yi shiru?"

"Na gani." Ya sassauta murya. "Shekara biyu ban san ko na wani ba ne, Lubna. Da wane baki zan ce mata ina da mai ni?"

Maganar ta soke ta, don ta san gaskiya ce.

Ta zare fensirin daga hannunsa, ta nemo shafinsa, ta soke "na" ɗin da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa. Ta rubuta nata, ta tura wa Karin.

Baturiyar ta karanta a hankali, kowa na ji.

"Saurayin... Lubna."

Murmushi ya suɓuce wa Zayyad.

Lubna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Ka faɗa wa su kawunka su shirya zuwa neman aure. Baba ba sai ya jira gobe ba, yanzu zan ba shi amsa."