Sigari a Aljihun Mai Biko

Afra'u ta ɗauki buta za ta yi alwala, wari ya doki hancinta. Ta leƙa – guntayen sigari ne ke iyo, ruwan ya yi jawur kamar fitsarin jaki. Nan ta durƙusa tana kelaya amai, ga ta da ƙaramin ciki.

"Munzali, har a buta?"

Mijin nata, direban motar haya daga Kibiya zuwa Kano, ya washe haƙoran nan nasa masu launin tsatsa. "Sori mana, amarya. Tenshin ɗin hanya ne."

"Filo wari, zanin gado wari, bakinka kamar an cinna wa juji wuta. Ina sonka, amma cikina ya gaji."

Ta haɗa kayanta sai gidansu a Durba. Mahaifinta, Malam Isma'ila, ya ce ita da komawa sai ranar da Munzali ya rabu da taba.

Gogan naku ya aika cewa ya daina, ya saɓa farar shadda ya taho biko. Yana jira a zauren gidan, ƙishirwar tabar ta taso masa. Ya ce bari ya ja sau ɗaya. Yana kunnawa sai ga Malam. Yarwa a gaban suruki? Ina! Ya cusa ta aljihu da wutarta, ya zube ƙasa.

Malam kuwa ya gyara tsayuwa. Ya gajiya? Ya hanya? Ya damina? Ya Alhajinku? Ya Hajiya da ƙafa? Ya mutanen Kibiya? Munzali na "lafiya lau," gumi na tsiyaya, cinya na toyuwa. Ƙaurin shadda da na fata ya cika zauren, hayaƙi na fita ta gefen riga.

"Ɗana, ko dai gobara ka zo mana da ita?"

Munzali ya murje aljihun da tafin hannu, hawaye shar.

Malam ya toshe hanci. "Kai yau ka ji ta a cinya. 'Yata da abin da ke cikinta kullum a ƙirji suke jin ta. Tashi ka ba ni wuri."

Daga bayan ƙyaure Afra'u ta yi magana cikin kuka. "Baba, wanda ya bar wuta ta ci namansa don kunyarka, ai zai iya barin taba domina. A ba shi lokaci."

Aka ba shi. Ya sha wuya: ciwon kai, masifa da fasinja, goro da citta har leɓe ya tsage. Sau ɗaya ya koma wa tabar, da ƙafarsa ya zo ya faɗa mata. Ta yi tsaki, amma ta ci gaba da jira. Kafin kaka, Malam da kansa ya rako ta Kibiya.

To samari, abin da ba ka iya riƙewa a gaban surukinka, kada ka kai wa 'yarsa ɗaki.