Dakan Magariba a Gidan Labo Mai Inji

Ranar da injin niƙan Labo ya mutu, Tsahara har daɗi ta ji, Allah ya yafe mata. Shekara goma sha ɗaya ke nan injin yana ruri a rumfar da ke jikin katangarsu a Tsarnawa, tun hantsi har faɗuwar rana, mijinta na tsaye a bakinsa, gari ya rufe shi har gira. Da aka ce ƙarfen da ya karye sai an aika Sakkwato, ta ce to, ko ba komai yanzu a yi hira a gidan nan ba da ihu ba.

Kaka ce, an gama yankan gero. Magariba ta yi, awaki sun shigo, Labo ya dawo daga masallaci, ta ajiye masa tuwo. Gidan ya yi tsit irin wanda ba su saba da shi ba. Ya kai loma biyu, ta ukun ta tsaya a hannunsa. Ya karkata kai kamar mai sauraren sallama.

"Kina jin gyaren ga?"

Tsahara ta kasa kunne, ba ta ji komai ba sai tuƙar awaki. Ya ce a'a, ta dai saurara, ga shi nan kusa. Ya ɗauki fitila, ya ɗaga tabarmi, ya kawar da randa, ya leƙa bayan turmi. Can sai ya tsaya tsakar gida, ya cusa yatsu cikin kunnuwansa, ta ga fuskarsa ta sauya.

"Ba cikin gida yake ba," ya ce a hankali. "Cikin kaina yake."

Da farko Labo bai ɓoye ba, kowa ya samu sai ya kwatanta masa. Wata rana ya ce kamar an cika tulu da gyare an kife masa a ka. Wata rana ya ce usur ne, siriri, wanda mai busa shi ba ya shan iska. Abokan majalisa suka sa dariya, suka ce ai ƙarar kunne ambato ne, wata ce can Konni ta kasa manta shi. Ya tafi dispanser, ƙaramin asibitin gari, majo mai duba marasa lafiya ya haska kunnen ya ce tas yake. Abin da ya fi ci masa rai ke nan: ba jini, ba kumburi, ba abin da zai nuna a ce masa sannu. Daga nan ya kama bakinsa. Barci ya ƙaurace masa, ya rame, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa sama ba ya soma daka wa 'ya'yansa tsawa a kan ba komai, sannan ya juya baya ya share ido.

Sai kuma jifa ta soma. Kullum rana ta faɗi, tsakuwa ta zubo bisa rufin tol, wato kwano, na ɗakinsu, ratata, ta tsagaita, ta sake zubowa. Tsahara ta fita da gudu, ba kowa bayan katanga. Maƙwabta suka ji, mata suka daina shigowa ɗibar wuta. Tsoro ya kama ta sosai, ko bayan gida ba ta iya zuwa sai ta riƙe hannun 'yarta Asma'u.

Ishaku, yayan Labo, shi ne babban gida, kuma mutum ne wanda in ya yanke magana ta yanku. Ya ce wannan iska ce, kuma mai iska ba a yi masa hayaniya, haka aka gada. Ya sa aka kife turmi, aka jingine taɓare. Ya zare pil, wato batir, daga radiyo ya sa aljihu. Zakara da awaki aka kai gidansa, yara aka tura wurin kakarsu, Labo aka sa shi ɗakin ƙurya aka sako masa labule. Ko tafiya a tsakar gida sai da sanɗa. Niyyar alheri ce, wallahi, ba wanda ya kai Ishaku son ƙanensa. Amma tun ran da gidan ya zama kamar maƙabarta, Tsahara take jin mijinta yana buga ƙeyarsa da bango, a hankali, a hankali.

Ran kwana na shida da sa shi ɗakin, da magariba, ta kai masa fura, ɗaki wayam. Ta zaga baya, inda rijiyar gidan take. Ga shi durƙushe a bakinta, ya tuɓe takalmansa ya jera su gefe, ya zura kai ciki. Ta rarrafa ta damƙe gefen rigarsa da hannu biyu.

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Tsahara, gyaren ga shina ce mini can ƙasa akwai shiru."

Yadda ta jawo shi, ita ma ba ta sani ba. Ta cire kyauren madafa ta rufe bakin rijiyar, ta danne da dutsen niƙa, ta kwana zaune a ƙofar ɗakinsa. Da gari ya waye ta durƙusa gaban Ishaku, ba kuka ba ihu, ta ce, Yaya, in ba a ɗauko Malam Tanimun na Dogarawa yau ba, gobe sai dai a ɗauko masu haƙa kabari.

Bayan la'asar malamin ya iso a motar kasuwa, tsoho ɗan siriri mai farin gemu, ba ya ɗauke da komai sai gafaka da buta. Ya tsaya tsakar gida ya dubi turmin da ke kife, ya dubi kyauren da ke kan rijiya. Ya sa aka fito da Labo bisa tabarma, aka zuba turare a kasko. Ya dafa kansa ya soma karatu a kunnensa na dama, murya ƙasa-ƙasa, har inuwar katanga ta rufe su, har hasken ya yi ja ya dushe.

Sai jikin Labo ya sandare. Idanunsa suka juye, bakinsa ya buɗe, wata murya ta fito siririya mai kaifi, wadda ba tasa ba. Ishaku, duk girman nan nasa, ya ja da baya har ya taka buta.

Malam ya tambayi mai muryar wane ne shi, kuma me ya kawo shi gidan bayin Allah. Muryar ta yi wata 'yar dariya ta ce ba a kawo shi ba, wucewa yake ya ga an share masa wuri, ba daka, ba cara, ba kukan yaro, ya ce wannan masauki ne. Malam ya ce to ya tattara usur ɗinsa ya fita.

"Usur ba nawa ba ne," in ji muryar. "Nan na iske shi, injin ga ya bar mishi. Ni dai zama na yi bisa, ina gaya mishi inda zai huta."

"Jifar fa?"

"Tambayi hannunsa. Shi ka zagawa baya ya watsa tsakuwa bisa tol, don in tana zuba ba ya jina."

Tsahara ta dafe ƙirji. Ashe duk tsoron nan da ta sha, mijinta ne ke neman abin da zai ji ban da abin da ke kansa, su kuma suka bi suka kashe masa kowace ƙara. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta lokaci ɗaya.

Aka shiga ciniki. Aljanin ya nemi baƙin bunsuru, malam ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah. Ya nemi a buɗe rijiya minti ɗaya kawai, malam ya ɗaga murya da karatu. Ya ce to a bar shi da magariba kaɗai, sa'ad da kowa ya yi shiru, ai lokacinsu ne tun fil azal. Yana faɗa jikin Labo na ja da kansa, kaɗan-kaɗan, zuwa bayan ɗaki. Maza biyu suka kasa tsayar da shi.

Duk macen Tsarnawa ta san ba a daka da magariba, tun tana yarinya ake kwaɓarta a kai. Tsahara ta tashi, ta birkice turmi, ta ɗauki taɓarya. Ishaku ya ce ke, kina hauka? Ba ta dube shi ba. Ta ce bismillahi ta sauke taɓarya cikin turmin da ba ko ƙwaya, ta ɗaga ta sake saukewa, tana kiran mijinta da sunan da take kiransa.

"Baban Asma'u! Ni ka ji, kada ka ji shi!"

Muryar ta tsala ƙara ta ce a tsayar da matar nan. Malam ya ce kada ta kuskura ta tsaya, ya ci gaba da karatu a kan bugun taɓarya. Abin ya yi ta zagi, ya koma magiya, daga ƙarshe ya ce zai fita, amma su sani, duk magaribar da gidan nan ya yi shiru ba wanda ya tambayi mutumin nan yadda yake ji, yana nan tafe. Labo ya yi atishawa uku masu ƙarfi, ya zube.

Da ya farfaɗo ya nemi ruwa. Tsahara ta durƙusa, tafin hannunta duk ya kumbura, ta tambaye shi ko ya tafi. Ya daɗe yana saurare.

"Gyaren shina nan," ya ce.

Gabanta ya faɗi.

"Amma ba ya cewa komi. Kuka kawai yake."

Malam Tanimun bai yi musu ƙarya ba. Ya ce ƙarar wataƙila ta zauna ke nan, ya ga irinta ga maƙera da masu bindiga, ba duk abin da ido bai gani ba ne iska. Ya ce Ishaku ya mayar da pil, a dawo da yara da awaki, in Labo ya kwatanta ciwonsa a ce masa sannu, kada a yi dariya, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Ishaku ya sunkuyar da kai, ya laluba aljihu.

Da aka gyara inji, Labo ya koma aiki da auduga cushe a kunne. Kullum ya shigo sai Tsahara ta ce, yau gyare nawa ne? Wata rana ya ce ɗaya ne, wata rana ya ce yau sun cika tulu, ta matso da radiyo kusa da shi. Bayan wata uku shi da kansa ya ɗage dutsen niƙa daga kan rijiya, ya ja mata guga huɗu, ya juya ya tafi masallaci.

Ita ce dai ba ta taɓa sakin jiki ba. Mata sun yi gulmarsu har sun gaji, wai matar mai inji ce ke daka da magariba kamar marar mafaɗi. Da ta ga rana ta yi ja, gari ya soma yin tsit, sai gabanta ya faɗi, ta jawo turmi. Ko ran da ba ta da abin dakawa, sai ta daka.