Goron Kawu Ɗalhatu

Ranar Juma'a ce, gidan su Muhsinat da ke unguwar Abu Hail a Dubai ya cika da ƙamshin soyayyar kaza. Yau bayan la'asar magabatan Haidar za su zo neman aurenta, don haka tun safe take yanka albasa tana taka rawa. Kawu Ɗalhatu, yayan marigayi babanta da ya zo daga Kano don karɓar baƙin, yana kishingiɗe a falo yana yi wa na'urar sanyi faɗa, wai so take ta kashe shi da mura.

Sai wayar Mama Jummai, mahaifiyar Muhsinat, ta yi ƙara. Sanda, autanta mai shekara goma sha bakwai, da ya ce zai kwana gidan abokinsa su yi karatu, ashe fati suka tafi. Aka zuga shi ya sha giya, ya ja motar yayan abokin, ya haye gefen titi a Al Muraqqabat. Ba wanda ya ji ciwo, amma yana hannun 'yan sanda.

Mama ta zube da ludayi a hannu tana salati. Da ta ɗago, abin da ta fara faɗa shi ne kada kowa ya ji. Dangin Haidar masu bincike ne har kakan kaka. In sun tambayi Sanda, a ce yana Sharjah wajen musabaƙa.

Kawu kuwa ya miƙe ya zura babbar riga. A cewarsa wannan ƙaramin abu ne, direbobi nawa ya fitar daga caji ofis a Kano? Ya ɗauki ƙunshin goro da kwalbar turare, ya soke ambulan a aljihu. Zai samu babban ofisa, ya ce masa "ranka ya daɗe, ƙuruciya ce," ya miƙa ɗan abin hannu, shi ke nan.

Muhsinat ta sha gabansa. A Dubai ta girma, ta san wanda ya miƙa wa ɗan sanda ambulan a nan, kusa da Sanda zai kwana. Ta durƙusa ta fara bayani.

"Ke haihuwar jiya ce za ki koya mini zaman duniya?" in ji Kawu, ya fice ya tari tasi.

Ta shige ɗaki da waya. In ta kira Haidar, asiri ya tonu, aure na iya wargajewa. In ta yi shiru, mutum biyu za a rufe. Ta danna lambarsa.

"Yaya Haidar, zan faɗa maka abin da zai iya raba mu — amma fara sa takalmi tukuna."

Bai tsaya tambaya ba. Ya kira wata lauya da ya sani, ya baro Al Satwa a guje, ya tarar da Kawu yana sauka a ƙofar ofishin 'yan sanda. Nan Haidar ya zube kan kwalta mai zafi ya ɗauko gaisuwa. Ina kwana, Baba? Ina gajiya? Ya hanya? Ya mutanen Kano? Ya damina, gero ya yi kyau? Babba dai ba ya katse gaisuwar mai neman 'yarsa, don haka Kawu ya tsaya yana "lafiya lau, madalla," zufa na tsiyaya daga hularsa. Sai da Haidar ya gaishe da tumakin gida kafin lauyar ta iso.

Sannan Haidar ya ce bai kamata babba ya riƙe kaya yaro na tsaye ba, ya karɓe goro da turare, ya roƙi a bar ambulan a aljihu, ya yi bayani ƙasa-ƙasa. Kawu ya yi tsuru-tsuru, can ya gyara riga.

"To ai ni ma gwada ka nake yi, yaro."

Da la'asar, Muhsinat ta yi ta roƙon Mama da hawaye har ta yarda a faɗi gaskiya. Da baƙi suka zo, Alhaji Maharazu, baffan Haidar, ya saurara, ya ce za su yi shawara, suka tashi ba su taɓa kazar ba. Washegari mahaifiyar Haidar ta bugo daga gida ta ce a dakata.

Muhsinat ta sha kuka, amma ba ta zauna ba. Ita ke raka Sanda wajen lauya da kotu, ita ke zama da shi in kunya ta hana shi cin abinci. Haidar bai saɓa wa mahaifiyarsa ba, bai kuma gudu ba. Sanda ya amsa laifinsa, aka yanke masa hukunci daidai da shekarunsa, ya dawo ya kama ƙafar Mama yana neman gafara.

Bayan wasu watanni sai ga Alhaji Maharazu da tawagarsa.

"Hajiya, da kun ɓoye mana, da kafin magariba na ji a bakin 'yan kasuwar Deira, kuma da ba ku sake ganina ba," in ji shi. "Yarinyar da ta sa aurenta a kasada don ta ceci ɗan'uwanta da kawunta, ita muke so ta tarbiyyantar da jikokinmu."

Daga kicin Muhsinat ta rangaɗa guɗa da bakinta, Mama ta biyo ta da ludayi, wai amarya ba ta yi wa kanta guɗa.

Yaro in ya yi kuskure, tsayawa tare da shi ake yi a kan gaskiya, ba rufa-rufa ba. Wanda ke son ki don Allah, gaskiyar gidanku ba za ta kore shi ba.