Garin Ƙarfi da Ƙwayar Likita

Gwaggo ta ɗaga robar garin ƙarfin sama, ta juya ta gaba da baya, sannan ta gyara tabaronta ta ƙura wa hoton da ke jiki ido. Wani ƙato ne ba riga, damatsansa kamar an cusa masa duwatsu a ƙarƙashin fata.

"Yanzu kai ɗan nan, wannan basamuden kake so 'yata ta koma? Samari na kai wa 'yan matansu turare, kai ka kawo mana abincin 'yan dambe."

Ƙarfe ya yi dariya har yana dafe ƙirji. Sunan da aka laƙa masa ke nan a jim, inda yake koya wa mutane ɗaga ƙarfe, kuma sunan ya bi shi har gida.

"Gwaggo, ba zai sa mata damtse ba. Sunansa kiriyatin. Kin ga jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace da ɗan batirinta. Garin nan caji yake ƙara musu. To ashe ƙwaƙwalwa ma tana cin cajin, har na karanta ana bincike ko yana rage ciwon damuwa."

"Ana bincike," in ji Gwaggo. "Wato a kan Auta za a ƙarasa binciken."

Auta tana gefen kujera tana murmushi. Murmushin ma sabon abu ne a gidan. Tun rasuwar Babanta bara wani nauyi ya danne ta, abinci ya daina daɗi, wanka ya zama aiki, ta rufe shagonta na ɗinkin labule ta kwanta. Gwaggo, ƙanwar Baban da ta raine ta, ita ta ja ta asibiti, aka hau da ita bene wajen likitan ƙwaƙwalwa. Likita ta ce ciwon damuwa ne, ta rubuta mata ƙwaya. A hankali Auta ta tashi, ta buɗe shago, har aka soma maganar sa ranar aurenta da Ƙarfe.

Da ta rako shi bakin ƙofa, sai ta ga fara'arsa ta gushe. Yana ta murza makullin babur a hannu.

"Wata ta gan ki a layin bene, ta kai wa Umma."

Umma, mahaifiyarsa, ba ta cika fita ba tun da mijinta ya rasu, kullum tana ɗaki labule a sake, amma babu labarin da ba ya iske ta.

"Me ta ce?" in ji Auta.

"Ta ce ba za a kawo mata mai shan maganin taɓin hankali cikin zuri'a ba. Ni kuma na ce mata ƙarya ake yi, rashin ƙarfin jiki ne kawai, garin ƙarfi kike sha." Ya ɗago ya dube ta. "Auta, ki mayar da maganata gaskiya. Ki ajiye ƙwayar nan. Ai kin warke, ga ki garau. Garin zai riƙe ki, wallahi na yarda da shi."

Ta so ta ce likita ta hana ta tsayarwa da kanta. Amma idonsa ya cika da roƙo, kuma shi ne mutumin da ya riƙa zama a tsakar gidansu lokacin da ko gaisuwa ba ta iya amsawa. Ta sunkuyar da kai.

"To. Amma kada Gwaggo ta ji."

Da farko kamar da gaske. Kowace safiya ta ɗebi cokali ɗaya ta dama a ruwa ta shanye, ta tafi shago. Sai jiri ya fara. Sai barci ya ƙaurace mata. Daga nan nauyin da ta sani ya dawo, ya zauna mata a ƙirji kamar baƙon da bai taɓa tafiya ba. Ta yanka yadin wata kwastoma ba daidai ba, matar ta zazzaga mata masifa, ita kuwa ko haƙuri ta kasa bayarwa.

Wata rana da la'asar Ƙarfe ya leƙo shagon da ledar lemu. Ya same ta gaban keken ɗinki, ƙafarta a kan feda, hannunta a kan yadi, keken shiru. Allurar ma babu zare.

"Gimbiyar labule, yau yajin aiki ake yi?"

Ba ta ɗago ba.

Ya tsuguna a gabanta. "Ko dai cokali ɗaya ya yi kaɗan? Mu mayar da shi biyu, ai a jim ma..."

"Ba na jin komai," ta ce, muryarta a shanye. "Tun safe nake nan ina so in taka keken nan, na kasa. Na ga shigowarka, na san ya kamata in yi murna. Na nemi murnar, babu. Har kai ba na ji."

Da zagi ne da ya fi masa sauƙi. Ledar ta suɓuce, lemu ya gangara ƙarƙashin tebur. Mutumin da yake ɗaga ƙarfen da maza biyu ba sa ɗagawa, ya dafa gefen keke kafin ya iya miƙewa.

Washegari shi da kansa ya kai ta bene, ya zauna a layin da yake gudun a gan ta. Likita ta saurare su har ƙarshe, ta karɓi robar ta karanta bayanta.

"Kai ne mai koyar da ɗaga ƙarfe?"

"Ni ne, Dokta."

"In yaronka ya karye a hannu, cewa kake ya cire ɗaurin ya sha wannan?"

"A'a, Dokta."

"Abin da ka karanta ba ƙarya ba ne," in ji ta. "Akwai ƙananan bincike da suka nuna wasu sun ƙara samun sauƙi da aka haɗa musu shi da maganinsu. Haɗawa fa, ba musanyawa ba. Kuma binciken bai kammala ba, ba kowa yake yi wa ba, wasu ma ba a ba su. Zan duba ƙodarta, in lafiya lau, ta ci gaba da sha a ƙarƙashin kulawata. Amma yanke ƙwaya kai tsaye, da ka san inda yake kai mutane, da ba ka fara ba."

Hawaye suka zubo wa Auta. Ƙarfe ya ce, "Laifina ne, Dokta. Kunya na guje wa."

Ana haka Umma ta aiko cewa za ta zo ta ga yarinyar da idonta. Ranar Gwaggo ta share falo, ta ɗora robar mai ƙato a tsakiyar tebur, ta tura kwalin ƙwayar ƙarƙashin matashin kujera.

"Na yi wa Ƙarfe faɗan duniya da na ji," ta raɗa wa Auta, "amma yau kam a rufa asiri, a wuce wurin."

Umma ta shigo, doguwa, ramammiya, tana ƙifta ido kamar hasken falon ya yi mata yawa. Aka gaisa. Ta nuna robar da haɓa.

"Wannan ne maganin nata?"

Gwaggo ta buɗe baki, amma Ƙarfe ya riga ta. Ya ɗaga matashin, ya ciro kwalin, ya ajiye shi kusa da robar.

"Wannan ne, Umma. Wancan taimako ne kawai. Ƙarya na yi miki, kuma ƙaryata ta kusa kashe ta. Ciwon damuwa take yi, ana kuma warkewa."

"A gabana kake faɗa ba kunya!" Umma ta miƙe. Ta juya ga Auta. "Ke kuma ba ki da abin cewa?"

Auta ta durƙusa. "Umma, ban zaɓi ciwon nan ba. Da Babana ya rasu, sai na ji kamar an kashe fitila a cikina. Gari ya waye, ni ban ga dalilin tashi ba. In an yi sallama sai in ji kamar in ɓuya. Abin da nake shan magani a kai ke nan."

Umma ta tsaya cak, hannunta a kan ƙofa. Ta daɗe a haka, sannan ta fita ba sallama.

Maganar aure ta tsaya. Dangi suka yi ta surutu, wasu suka kawo wa Ƙarfe hotunan 'yan mata, ya ce a mayar. Bai ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, bai kuma fasa raka Auta bene ba. Ita ma ba ta ce ya zaɓa tsakaninsu ba. Ta sha ƙwayarta, ta dama garinta, ta zura zare a allura. Ko garin ya taimaka ko ƙwayar ce kaɗai, likita ma ta ce ba za ta rantse ba. Keke dai ya dawo da ƙararsa, Gwaggo kuma kullum sai ta matsa hannun Auta ta ce tana duba ko damtsen ya fito.

Bayan watanni, wata safiya aka yi sallama a shago. Umma ce, ita kaɗai, rungume da wani labule mai kauri, baƙi ƙirin da ƙura.

"Na ɗakina ne," ta ce, ba ta kalli Auta ba. "A yi mini wani mara nauyi, wanda haske ke shiga."

"To, Umma."

Ta zauna a benci tana murza bakin mayafinta. "Abin da kika faɗa ranar nan, na fitila. Tun rasuwar Babansu nake haka. Na ɗauka tsufa ne." Ta numfasa. "Ranar da za ki koma benen, ki biyo ta gida ki ɗauke ni. Garin ƙaton nan dai ba zan sha ba."

"Ba dole, Umma," in ji Auta, tana dariya tana share hawaye.

"Kuma ki gaya wa Gwaggonki, kawunnan yaron nan na nan zuwa. A sa rana."

Haka Allah ya yi, haƙurin Auta ya kai ta ɗakinta, ya kuma fito da surukarta daga nata duhun. Wanda ya ɓoye ciwonsa don kunyar mutane, maganinsa ya ɓoye. Mai sonka na gaskiya kuwa ba ya sauya maka magani don ya rufe bakin dangi. Raka ka yake yi, ya zauna tare da kai a layi.